Wane Akwatin Hoto Ya Kamata Malamin Bakin Ruwa Ya Saya?

Kwanakin nan magana ta yawaita tsakaninmu ɗalibai a kan akwatin ɗaukar hoto irin na da, watau kyamarar nan da a ke ɗura wa fim, a murɗa ta da hannu. Waɗansu sun ce neman suna ne kurum da kwaikwayon samarin Turai, waɗanda suka ƙoshi da sabon abu suka koma tonon tsoho. Waɗansu kuwa sun ce ɓarnar kuɗi ce, tun da ya ke kowa yana da waya a aljihunsa, ita kuwa sai ta ɗauki hoto dubu ba ta ce a ba ta ko anini ba. Mu da muka fito daga ƙasar Yauri da Ngaski da Shanga, waɗanda kuma can za a mai da mu koyarwa in Allah ya sa mun gama, muna da wani ra'ayi dabam. Shi mu ke so mu shimfiɗa a gaban malamanmu da 'yan'uwanmu, kowa ya auna da kansa.

Sai mu fara da dalili, gama wanda bai san abin da zai ɗauko ba, ba ya sanin irin jakin da zai saya. Cikin 1964 aka soma ginin madatsar Kainji a kan kogin Kwara, aka gama cikin 1968. Da aka tare ruwa sai ya yi baya, ya kwanta tun daga madatsar har ya zo Yelwa, tsawon fiye da kilomita 130. Ya shanye tsohon garin Busa, ya shanye tsibirin Foge, ya shanye gungu-gungun da Gungawa su ke noman albasa da gero a kansu tun kaka da kakanni. Mutum fiye da 40,000 aka tayar daga ƙasar Yauri da ta Bargu, aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka masu ginin siminti. Wannan ya faru a zamanin Sarkin Yauri Muhammadu Tukur, kuma har yau akwai tsofaffin da suka ga abin da idonsu.

To, kai da ka fito daga bakin ruwan nan, in ka koma gida hutu ka tambaya, a cikin danginku duka wa ke da hoton tsohon garinku? Wa zai nuna maka yadda rumbunan gungu su ke, ko mashigar da kakarka ta kan ɗebo ruwa, ko kukar da a ke cin kasuwa a gindinta? Da wuya ka sami ko ɗaya. Ɗan abin da aka ɗauka a lokacin, galibi baƙi ne suka ɗauka, ma'aikatan madatsa da masu bincike, suka kuwa tafi da abinsu. Mu aka bar mu da labari a bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa kowace damina sai sun ragu. Ƙasarmu ma ta daɗe da sanin irin wannan hasara. Bature Mungo Park ya hallaka a Busa cikin 1806, cikin 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo har Yauri suna neman takardun da ya rubuta labarin kogin a ciki, suka zauna makonni, suka koma ba su same su ba.

Kada kuma a zaci sauyin ya ƙare da cikar tafki. Jirgin inji yana ture kwalekwalen da a ke sassaƙawa daga itace guda. Zaren roba ya maye gurbin zaren da Sarkawa su kan murza su saƙa koma da birgi. Adon Kambari da na Dukawa yana ja da baya shekara bisa shekara, ganuwar Birnin Yauri kuma ruwan sama yana ta cinta a hankali. Abin da yaron makaranta ya ke gani yau a kasuwar albasa ta Yelwa, ko a mashigar Wara, ko ranar wasan Rigata, jikansa zai yi marmarin gani kamar yadda mu ke marmarin ganin Foge.

Mai waya zai ce ai ga shi ana ɗauka kullum. Gaskiya ne, ba a taɓa ɗaukar hoto a ƙasarmu kamar yadda a ke ɗauka yanzu ba. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, a cikinmu wa ke da hoton da ya ɗauka da wayarsa shekara takwas da suka wuce? Wata ta faɗa ruwa, wata an sace ta a kasuwa, wata gilashinta ya fashe aka yar, wata kuwa cikinta ya cika mai ita ya goge na jiya don ya sami wurin na yau. Wanda ya ajiye nasa a intanet ya manta kalmar sirrin buɗewa, layin da ya yi rajista da shi kuma an rufe. Hoton waya yana da yawa kamar ruwan damina, haka kuma ya ke wucewa.

Fim ba haka ya ke ba. In aka wanke shi, abin da ya rage a hannunka wani siririn falle ne wanda fari ya zama baƙi a jikinsa, baƙi ya zama fari, shi masu hoto su ke kira nagatif. Ba ya bukatar wuta, ba ya bukatar wata na'ura kafin a san abin da ke cikinsa, ka ɗaga shi sama ka duba da idonka. Akwai shaida kusa da mu. Seydou Keïta na Bamako ya buɗe shagon hotonsa cikin 1948, ya yi ta ɗaukar mutanen garinsu, yana adana nagatif ɗinsa a ƙasa mai zafi da ƙura irin tamu. Bayan shekara arba'in da ɗoriya aka fito da su aka wanke manyan hotuna, cikin 1994 aka baje su a Faris, duniya ta ga yadda mutanen Bamako su ke sa tufafi a wancan zamani. A nan Nijeriya kuma akwai marigayi J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara da ɗan akwatin Brownie mai araha cikin 1950. Cikin 1968, shekarar da ruwa ya ci gungunmu, ya soma ɗaukar hoton kitson matan ƙasar nan, har ya tara kusan dubu. Da wani malamin makaranta a Shanga ko Ngaski ya yi irin wannan niyya a wannan shekara, da yau ba mu zauna muna kwatance da baki ba.

To, tun da mun faɗi dalili, bari mu zo ga ciniki, domin malamin makaranta ba attajiri ba ne. Sharaɗin farko a wurinmu, wanda ya rinjayi sauran duka, shi ne kyamarar ta zama mai aiki ba tare da batir ba. Tsofaffin kyamarori iri biyu ne, ko da ya ke a ido sun yi kama. Akwai wadda ƙyaurenta, watau ɗan labulen da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga, sifirin da haƙoran ƙarfe ke tafiyar da shi, tamkar agogon da a ke wa wani. Akwai kuma wadda lantarki ke tafiyar da shi. Ta biyun in batir ya mutu ta zama dutse, in kuwa wata 'yar waya ta ƙone a cikinta babu mai gyara. Misalinta Canon AE-1 ta 1976. Kyamara ce mai kyau, ta yi suna, masu sayarwa kuma su kan yi ta kirarinta, amma ba ta bakin tafki ba ce. Madatsar Kainji an kafa mata injuna na megawat 760, duk da haka mun san ƙauyuka da ke kwana suna jin ƙarar ruwan nan ba su da wutar da za su dogara da ita, balle shagon da za a sami batir na musamman. Malamin da aka tura irin wannan wuri, kayan aikinsa su zama masu cin gashin kansu.

A cikin masu aiki da sifirin, wadda kowa zai fara ambata maka ita ce Pentax K1000. An yi ta daga 1976 har 1997, an sayar da miliyoyinta, makarantun koyon hoto a ƙasashe da yawa kuma da ita su ke fara wa ɗalibai. Ba ta da wani ƙyale-ƙyale. Ƙyaurenta yana tafiya daga daƙiƙa guda zuwa kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, batir ɗinta kuwa na ma'aunin haske ne kaɗai, irin ƙaramin nan LR44 da masu gyaran agogo su ke sayarwa a kowace kasuwa. Ma'aunin ba shi da makunni, saboda haka sai a riƙa rufe mata ido da marfi in ba a aiki, in ba haka ba batir ya tsiyaye. Aibinta ɗaya ne, sunanta ya fi ta tsada. Da samarin Turai da Amurka suka koma wa fim, kowa ita ya ke nema, kuɗinta ya hau. Mu a ganinmu wauta ce malami ya biya kuɗin suna alhali ga 'yan'uwanta a gefe ba mai taya su. Ricoh KR-5 tana karɓar irin gilashin da K1000 ta ke karɓa, tana aiki ba batir, galibi kuma ta fi ta araha. Yashica FX-3 ta 1979 ba ta da nauyi, ita ma LR44 ta ke ci. Fatar jikinta ta kan saɓule ta yi muni, wannan kuwa alheri ne ga mai saye, gama munin ya kan karya kuɗinta bai taɓa aikinta ba. Nikon FM ta 1977 ta fi su duka ƙarko, amma sai wanda aljihunsa ya yi nauyi.

Wanda kuɗinsa bai kai nan ba kada ya ji kunya ya duba kayan Rasha da na Jamus ta Gabas. Zenit-E, wadda aka fara yi cikin 1965 a wata ma'aikata kusa da Mosko, an buga miliyoyinta, don haka har yau ba ta tsada. Nauyi gare ta kamar dutsen niƙa, ƙyaurenta kuma taki biyar kaɗai gare shi, daga kashi ɗaya cikin 30 zuwa kashi ɗaya cikin 500, tagar leƙawarta ma da ɗan duhu. Amma ba ta san batir ba ko kaɗan, gilashin Helios da ta kan zo da shi kuwa yana fitar da fuskar mutum da kyau ƙwarai. Sai dai aikin ma'aikatar bai zama ɗaya ba, wata ta yi shekara hamsin lafiya, wata tun tana sabuwa ta ke ciwo, saboda haka ba a sayenta sai an gwada. Praktica ta birnin Dresden ta fi ta ladabi, ƙyaurenta na ƙarfe ne a jerin da a ke kira L da MTL. Su biyun, da Pentax Spotmatic ta 1964, duk bakinsu ɗaya ne, ana ɗaura musu gilashi da murɗawa kamar marfin kwalba, ana kiran wannan baki M42. Amfanin wannan babba ne, domin gilasan M42 sun cika duniya, kuma su ne mafi araha. In jikin ya mutu ka sayi wani, gilashinka yana nan.

Akwai waɗansu uku da za a iya kawo maka, Minolta SR-T 101 ta 1966, da Canon FTb ta 1971, da Olympus OM-1 ta 1972. Duk nagari ne, duk suna aiki da sifirin. Abin lura shi ne ma'aunin haskensu an yi shi don batir na zaiba, wanda aka daina yi saboda guba. In aka sa musu na yanzu sai ma'aunin ya riƙa faɗin abin da ba daidai ba. Wannan bai isa ya hana ka saye ba, sai dai ya zama hujjar neman ragi, domin a ƙasarmu rana ba ta rowa, kuma akwai ƙa'idar da masu hoto suka daɗe suna bi. In rana ta fito tarwai, ka tsuke kafar haske zuwa lamba 16, ka sa saurin ƙyaure kusa da lambar da ke jikin kwalin fim. In fim ɗin mai lamba 100 ne, ka sa 125. In hazo ya rufe rana ka buɗe zuwa 11 ko 8, in a inuwar mangwaro ne ka sauko 5.6 ko 4. A kan ruwa da tsakar rana haske ninki ne, na sama da wanda ruwa ya mayar, don haka fuskar masunci ta kan fito baƙi ƙirin ƙarƙashin malafa. Maganin wannan ba na'ura ba ce, sammako ne, ko kuwa a jira bayan la'asar.

Game da akwatin nan mai ido biyu da a ke leƙawa ta sama, irin Yashica-Mat da Rolleiflex, wanda tsofaffin masu hoto su kan rataya a ƙirji, ba mu ba da shawararsa ga mai farawa. Hotonsa ya fi kyau, ba musu, amma fim ɗinsa hoto 12 kaɗai ya ke bayarwa, samunsa kuma ya fi wuya. Fim mai faɗin milimita 35 yana ba da 36. Gilashi kuma guda ɗaya ya isa, mai lamba 50, wanda ya ke gani kusan yadda idon mutum ya ke gani. Dogayen nan masu zuƙowa da a kan haɗa wa mutum a ciniki don a cika masa jaka, yawancinsu nauyi ne kawai. In abu ya yi maka nisa ka taka ka matsa, ka yi sallama.

Ina za a samu? Ana sayarwa a kasuwannin intanet, na gida da na waje, amma tun da darajar naira ta faɗi cikin 2023 duk abin da za a biya da dala ya zama sai a hankali, ga kuɗin aikowa, ga shi kuma cinikin biri a sama ne. Mu abin da mu ke gani ya fi shi ne a nemi tsofaffin masu hoto na garuruwanmu, a Yelwa da Kwantagora da Birnin Kebbi da Sakkwato, waɗanda suka yi zamani suna ɗaukar hoton salla da na biki da na fasfo kafin waya ta kashe musu kasuwa. Da yawansu kayan aikinsu suna nan cikin akwati ƙarƙashin gado. Ka je da ladabi, ka gaishe shi, ka ce, “Baba, koyo na zo.” Wanda ya sayi kyamara a hannun irin wannan dattijo ya sayi abu biyu, gama zai nuna maka halinta, ya kuma gaya maka yadda su ke wanke fim a zamaninsu ba tare da ɗakin sanyi ba. Ka tambaye shi kuma ina tsofaffin nagatif ɗinsa su ke. Mai yiwuwa ne abin da mu ke kukan rashinsa yana cikin wani kwali gara tana ci. Kada kuwa a yi masa wayo a ciniki don bai san abin ya sake daraja ba, wannan ba halin malami ba ne.

Ko a hannun wa za ka saya, sai an gwada a kan san na ƙwarai, gwajin kuwa ba ya bukatar komi sai ido da kunne da tocila. Ka buɗe bayanta, ka cire gilashin, ka ɗaga ta wajen haske, ka murɗa ka danna a kowane taki. A taki mai sauri za ka ga walƙiya ta cika tagar duka. In gefe ɗaya ya yi duhu, labulen ya gaji. Sa'an nan ka sa ta a daƙiƙa guda ka kasa kunne. Lafiyayya za ta yi 'yar ƙara mai daidaito ta rufe. Wadda mai ya daskare a cikinta za ta ja, ta tsaya, ta yi kamar mai tunani. In labulen na ƙyalle ne ka haska tocila ta bayansa a cikin ɗaki mai duhu, ka duba ko akwai ƙananan huji kamar taurari. Ka shafa yatsa a bakin ƙofar baya inda aka liƙa soso don tare haske. Galibi za ka tarar ya narke ya zama kamar kwalta. Wannan ƙaramin ciwo ne, ka kankare da tsinke, ka liƙa baƙin zaren ulu a gurbinsa, shi ke nan. Ka buɗe ramin batir, in ka ga kore ko farin gari, ka sani ma'aunin haske ya yiwu ya mutu, ka rage kuɗi.

Gilashin shi ya fi bukatar natsuwa. Ka buɗe kafarsa duka, ka haska tocila ta baya, ka duba ta gaba a karkace. 'Yar ƙura ba ta komi, kowane tsohon gilashi yana da ita. Ɗan ƙarcen da ke gaba ma sau da yawa ba ya fita a hoto. Abin gudu shi ne ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, wannan fumfuna ce, tana cin fuskar gilashi, in ta yi nisa ba ta wankuwa. Haka kuma in ka ga hazo fari ya lulluɓe ciki. Ka juya zoben kafar haske ka ga 'yan ganyayen ƙarfen nan suna tsukewa suna buɗewa da sauri, busassu, babu maiƙo a jikinsu. Bayan wannan duka, in mai ita ya yarda, ka ɗura fim guda ka ɗauka ka wanke kafin a gama biya. Mai kayan kirki ba ya ƙin wannan.

Yanzu sai mu zo ga hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masu suka, ba kuwa za mu kauce mata ba. Sayen kyamara sau ɗaya ne, fim kuwa kullum ne, kuma daga waje a ke kawo shi. Kamfanin Kodak da kansa ya durƙushe cikin 2012, ko da ya ke ya tashi har yanzu ana yin fim da sunansa. Shagunan da ke wanke fim mai launi sun rufe a yawancin garuruwanmu. Wanda ya ce zai ɗauki hoton kowace walima da fim, albashinsa ba zai kai tsakiyar wata ba. Amma mu ba haka mu ke nufi ba. Waya ta riƙe aikin yau da kullum. Fim a ajiye shi ga abin da a ke so ya kai jikoki, nadi biyu ko uku a shekara sun isa. A zaɓi baƙi da fari, irin su Fomapan na ƙasar Cek, ko Kentmere da Ilford HP5 na Ingila, domin shi ya fi daɗewa bai koɗe ba, kuma mutum yana iya wanke shi da kansa. Abin bukata ɗan tulun wanki ne mai hana haske shiga, da ruwan magani iri biyu, na fito da hoto da na kafe shi, da ɗaki mai duhu na minti kaɗan, wanda dare marar wata da bargo su kan wadatar. Ƙa'idar wankin an gina ta a kan ruwa mai sanyin digiri 20, wanda a Yauri sai da hunturu, ko ruwan randa da asuba. In ruwan ya fi haka ɗumi sai a rage lokaci, gwargwadon jadawalin da masu yin fim su ke bugawa. Da nagatif ya bushe, a ɗora shi a kan haske a ɗauke shi da waya a juya launinsa, kowa ya samu a hannunsa, asalin kuwa yana ajiye. Kuma ba lalle kowa ya mallaki tasa ba. Malamai biyar na gunduma ɗaya su yi adashi su sayi guda, ta riƙa zagayawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tsadar fim ɗin ma tana da wata fa'ida. Wanda ya san 36 kaɗai gare shi ba ya danna sai ya tsaya ya duba, ya tambayi sunan abin, ya jira mai jefa birgi ya juyo. A aji kuma kyamarar ƙarfe littafi ce da a ke buɗewa. Ka cire bayanta, ka shimfiɗa farar takarda mai shara-shara a gurbin fim, yara su leƙa su ga itacen makaranta ya tsaya da ka. Daga nan ka shiga bayanin yadda haske ke tafiya a miƙe, ka gaya musu Alhasan ɗan Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana wannan al'amari na ɗaki mai duhu da 'yar kafa a littafinsa Kitabul Manaziri. Lambobin ƙyaure kuwa, 30, 60, 125, 250, darasin ninki da rabi ne a shirye. Wace waya za ka buɗe wa yaro cikinta ya ga wannan?

Bakin tafki yana da maƙiya biyu ga wannan kaya, laimar damina da ƙurar hunturu. Kada a bar kyamara cikin jakar fata a lungu, nan fumfuna ta ke haihuwa. A sa ta a gwangwani mai marfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da a kan samu cikin kwalin takalmi ko na magani, a riƙa fito da ita tana shan iska, ana danna ta ko ba fim. In ƙura ta hau gilashi a hure tukuna kafin a shafa, gama shafa a kan ƙura kamar guga da yashi ne. In za a shiga jirgi a ƙulle ta a leda biyu. Nagatif shi ma zafi da laima suna lalata shi in an yi sakaci, har ya riƙa warin tsami, don haka a sa kowane a rigar takarda, a ajiye a wuri busasshe nesa da ƙasa.

Saura magana ɗaya wadda ba ta cikin ƙarfe. Mun yi karatun allo, mun kuma san malamai sun saɓa a kan hoto, akwai masu ƙyamarsa, akwai masu ganin halascinsa in da bukata. Ba mu isa mu raba wannan gardama ba. Abin da ya ke wajibinmu shi ne kada mu ɗauki kowa sai da yardarsa, kada mu leƙa cikin gida, kada mu tsaya a mashigar da mata su ke wanka. Wanda ya ce a'a, an gama, akwai jirage da rumbuna da kasuwa da ganuwa waɗanda ba su da ta cewa. Ga kuma halin da ƙasarmu ta shiga na rashin tsaro, wanda mutanen Birnin Yauri suka ɗanɗana cikin 2021. A irin wannan lokaci baƙon da aka gani yana auna gari da na'ura ana iya zarginsa da leƙen asiri. Saboda haka kafin a buɗe jaka a fara zuwa wurin hakimi ko dagaci, in a bakin ruwa ne a gai da Sarkin Ruwa, a faɗi abin da a ke nufi, a nemi ɗan rakiya. In an wanke kuma a komo wa mutane da nasu.

Kowane nadi a ba shi lamba, a buɗe masa shafi a littafi, a rubuta rana da wata da shekara, da sunan gari, da sunan wanda ke ciki in ya yarda, da sunan abin da ya ke riƙe da shi, da Hausa da kuma harshen mutanen wurin, ko Gunganci ne ko Kambarci ko Shanganci. Hoton da ba a san ko wane ne ba, ko ina ne, rabin amfaninsa ya tafi. Muna roƙon hukumar kwalejin nan ta ware mana kabad guda a ɗakin karatu don wannan ajiya, in abin ya taru kuma a aika da kwafi gidan tarihi na Kanta a Argungu, da na Waziri Junaidu a Sakkwato, da Arewa House a Kaduna. Ruwan tafki ya kan ja baya ƙwarai kafin sabon ruwa ya iso wajen watan Agusta, lokacin nan ne bakin gaɓa ya ke buɗewa a ga abin da ya ɓoye. Masu niyyar adashi sai su fara tun wannan zango, don kyamarar ta iso hannu kafin lokacin.